An Ce a Dasa wa Ɗana Zobe a Ido: Mu Yarda ko Mu Dakata?

"Assalamu alaikum, Likita. Yarona ɗan shekara 19 ne, yana aji biyu a jami'a. Tun yana firamare yake fama da ƙaiƙayin ido, kullum hannunsa na kan ido. Cikin shekara uku an canja masa gilashi sau huɗu, yanzu ma ya ce na ƙarshen bai ƙara masa komai a idon dama ba, da dare kuma fitilar mota tarwatse masa take yi. Da muka kai shi asibitin ido aka ɗauki hoton idon, aka ce yana da keratokonus, na dama ya fi tsanani. Wani ɗan'uwanmu da ke Alƙahira ya nuna wa wani likita takardun, likitan ya ce a kawo shi a dasa masa zobe a cikin idon. Mahaifinsa na shirin sayar da fili saboda tafiyar. Don Allah zoben nan yana warkar da ciwon? Zai rabu da gilashi? Ba shi da haɗari?" — Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ɗawainiya, Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko zobe na kawar da cutar, ko zai raba shi da gilashi, da kuma ko haɗarinsa da tsadarsa sun kai a sayar da fili dominsa. Bari in fara da gajeriyar amsa, kada Alhaji ya kira dillali kafin ki kai ƙarshen rubutun. Dashen zobe aiki ne na gaske, an haura shekara ashirin ana yin sa, kuma mutane da yawa sun amfana. Sai dai aikinsa gyara siffar ido ne, ba tsayar da cutar ba. Ga yaro ɗan shekara 19 da gilashinsa ke canjawa haka a kai a kai, tsayar da cutar shi ne abin gaggawa, kuma wannan wani aiki ne daban da ban ga kin ambata ba, shi ya sa nake zaton ba a yi muku bayaninsa ba.

Abin da ke faruwa a idon

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai da ya lulluɓe shi, wanda saboda tsabar haskensa ba a ma lura da shi. Ita ce koniya. Faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta a tsakiya kuwa ɗan sama da rabin milimita ne, wajen maikron 540 a yawancin mutane, ko da yake tamu ta baƙar fata takan ɗan gaza haka. Duk da ƙanƙantarta, ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Ƙarfin ido gaba ɗaya wajen dayofta 60 ne (dayofta shi ne ma'aunin da ake auna ƙarfin gilashi da shi), koniya ita kaɗai na ɗauke da wajen 43. Don haka ko yaya siffarta ta jirkita, gani ma sai ya jirkita.

A keratokonus, zaruruwan da suka saƙa koniya ne ke yin rauni. Wani wuri, galibi ɗan ƙasa da tsakiya, yana sirancewa, matsin ruwan cikin ido kuma yana turo shi gaba, har ya yi tsini. Gilashi an yi shi ne don idon da lanƙwasarsa ke da tsari; yana iya gyara rashin ganin nesa, yana iya gyara idon da ya fi lanƙwasa ta ɓari guda. Amma idan saman koniyar ya zama nan tudu nan gangare, haske na shiga ya watse ta fuskoki da yawa, babu gilashin da zai iya tattaro shi. Abin da ya sa gilashin ƙarshe bai yi wa idon dama komai ba ke nan, ba laifin mai gwajin ba ne, kuma shi ne dalilin tarwatsewar fitila da dare, lokacin da ɗan tsakiyar ido ke buɗewa haske ya bi ta wurare masu yawa na karkatacciyar koniya.

Cutar takan fara ne wajen balaga, ta yi ta ci gaba har shekara talatin da wani abu ko arba'in, sannan ta lafa da kanta. Kusan kullum ido biyu take kamawa, ɗaya ya riga ɗaya. Gwargwadon ƙuruciyar da ta fara, gwargwadon saurinta. Da can ana ɗaukar ta a matsayin cuta mai wuyar samu, bisa wani bincike na jihar Minisota ta Amurka da aka wallafa a 1986, wanda ya ba da kusan mutum 1 cikin 2,000. Da na'urorin hoto suka inganta sai lissafi ya canja: a Holan, a 2017, an samu 1 cikin 375, a Riyad ta Saudiyya kuwa wani bincike na 2018 a kan yara da matasa ya samu kusan 5 cikin 100. Ƙasashe masu zafi da rana da ƙura sun fi fama da ita.

Nan ne maganar ƙaiƙayin da kika ambata ta shigo, kuma a wurina ita ce jimla mafi nauyi a wasiƙarki. Akwai wani nau'in borin ido na yara da ya yi yawa a ƙasarmu, musamman ga maza: ido ya yi ta ƙaiƙayi, farinsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yana fitar da kwantsa mai yauƙi, ya tsananta lokacin zafi da ƙura. Yaro ya yi shekaru yana murza ido da gaɓoɓin yatsu, wani lokaci har da bakin riga. Wannan murzar tana cikin manyan abubuwan da aka tabbatar suna da alaƙa da keratokonus. Sau da yawa in na tambayi matashi wane ido ya fi murzawa, ko wane gefe yake kifa fuska in zai yi barci, sai ya nuna mini daidai idon da ya fi lalacewa. Akwai kuma gado a ciki, zan dawo kansa.

Mene ne zoben, kuma yaya yake aiki?

Yawanci ba cikakken zobe ba ne, guntaye ne masu lanƙwasa, ɗaya ko biyu, garai-garai, da ake zura su a cikin naman koniyar kanta, a kewayen tsakiya, ba a kan inda ake gani ba. Da wata roba mai tauri ake yin su, wadda ake rubuta sunanta PMMA. Ba baƙuwa ba ce a ido: da ita Harold Ridley ya yi madubin farko da aka dasa bayan cire yanar ido a Landan a 1949, kuma har yau akwai dattawa da yawa a garuruwanmu da ke yawo da irinta a ido tun bayan aikin yana. Jiki ba ya ƙin ta yadda yake ƙin naman wani.

Dabarar ta samo asali ne daga ƙa'idar José Barraquer, likitan ido da ya yi aiki a Bogota ta Kolambiya: in ka ƙara kauri a gefen koniya, tsakiyarta za ta baje. Guntun zoben na ɗaga zaruruwan gefe, ya ja na tsakiya, tsinin ya ragu, ya kuma matso kusa da tsakiya. Gwargwadon kaurin zoben da kusancinsa da tsakiya, gwargwadon bajewar. Abin sha'awa, ba don keratokonus aka fara ƙirƙiro shi ba. Samfurin da ake kira Intacs ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 1999 don masu ƙaramin rashin ganin nesa, sai aikin leza ya ƙwace masa kasuwa. Likitan Faransa Joseph Colin ne ya wallafa sakamakon amfani da shi ga masu keratokonus a 2000, hukumar ta Amurka kuma ta ba da izinin hakan a 2004. A Barazil, Paulo Ferrara ya daɗe yana aiki a kan nasa samfurin mai ɗauke da sunansa, daga can ne kuma Keraring ya fito. Intacs ya fi nesa da tsakiya, faɗin da ke tsakanin guntayensa kusan milimita 7 ne. Na Barazil sun fi matsowa, milimita 5 zuwa 6, don haka sun fi ƙarfin bajewa, amma sun fi kusa da hanyar haske. Akwai kuma MyoRing na ƙasar Ostiriya, shi cikakken zobe ne. Wanda za a zaɓa ya danganta da taswirar idon, wato hoton da ke nuna siffar koniya, da kuma wanda hannun likitan ya saba da shi.

Aikin kansa ba mai tsawo ba ne. Ba a sa mutum barci, maganin kashe zafi ake ɗigawa. Ana huda siririyar hanya a zurfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na kaurin koniya, ko dai da ƙaramin ƙarfe na hannu ko da wata leza ta musamman da ke yin hanyar cikin daƙiƙoƙi. Leza ta fi daidaita zurfi, kuma zurfi shi ne rabin nasarar aikin, domin zoben da ya zauna a sama-sama shi ne wanda ke ɓullowa daga baya. Sai a zura guntayen ta ƙaramar kafa, a sallami mutum a ranar, da maganin ɗigawa na hana ƙwayoyin cuta da na rage kumburi. Gani kan yi ta hawa da sauka na makonni. Ba a yanke hukunci a kan sakamako, ba a kuma yanka sabon gilashi na dindindin, sai bayan wata uku zuwa shida.

Yana warkarwa? Zai rabu da gilashi?

A'a ga ta farko. Ga ta biyu kuma, kada ku sa rai. Ki ɗauki katangar ƙasa da ta fara yin ciki saboda danshi. In aka sa mata tokara za ta miƙe, ta yi kyan gani, amma ƙasar da aka gina ta da ita tana nan da rauninta, in danshin bai tsaya ba za ta ci gaba da zaizayewa a bayan tokarar. Zobe tokara ne. Ga mutumin da ya haura talatin da biyar, wanda cutarsa ta riga ta lafa, tokara kaɗai na iya wadatarwa. Ga ɗan shekara 19 ba haka ba ne: an sha ganin matasan da aka dasa musu zobe, gani ya gyaru, bayan shekara biyu ko uku tsinin ya dawo, ribar ta tafi.

Abin da zobe ke yi in an dace shi ne ya rage tsinin da 'yan dayofta, ya mayar da saman koniya kusa da tsari. Ma'ana, idon da gilashi ya daina yi wa aiki ya koma yana karɓar gilashi, ko idon da kwantak lens (ƙaramin madubin da ake ɗorawa kai tsaye a kan ido) ba ya zama a kansa ya koma yana zama. Mafi yawan waɗanda aka zaɓa da kyau suna ƙara ganin layuka a allon gwaji. Wasu ba sa ganin bambanci. Kaɗan kuma ganinsu na raguwa, kuma abin lura a nan shi ne waɗanda suka fi shiga wannan rukunin su ne masu gani da kyau da gilashi tun kafin aikin. Saboda haka idon hagu na yaronki, in har gilashi na kai shi ga karatu da ganin allo, ni ba zan bari a sa masa zobe ba, ko da an ce akwai ragi in an haɗa biyun. Sakamakon zobe ba a iya ƙiyasta shi daidai-wa-daida kamar na gilashi. Ido biyu masu taswira kusan iri ɗaya na iya ba da amsa daban. Duk likitan da ya yi muku alkawarin cewa yaro zai jefar da gilashi, ku nemi ra'ayin wani.

Aikin da ke tsayar da cutar

Shi ne ƙarfafa koniya, a takardun asibiti za ku ga an rubuta CXL. A Dresden ta Jamus aka ƙirƙiro shi, Theo Seiler da abokan aikinsa Eberhard Spoerl da Gregor Wollensak, suka wallafa sakamakon farko a 2003. Amurka ba ta amince da shi ba sai 2016. A tsarinsa na asali ana kankare fatar saman koniya, a jiƙa ta da ruwan bitamin B2 na rabin awa, sannan a haska mata wani haske na musamman na wani rabin awar. Haɗuwar biyun na sa zaruruwan koniya su ƙulla da juna, ta yi tauri. Yanzu akwai tsare-tsare masu gajarta lokacin. Akwai zafi da hawaye na kwana biyu zuwa uku, sai fatar ta rufe. Ba ya gyara gani sosai, ba don haka aka yi shi ba, amma a mafi rinjayen idanu yana tsayar da lalacewar inda ya same ta. A ƙasashen da ya yaɗu, yawan masu keratokonus da ke kaiwa ga dashen koniya ya ragu.

Yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa nake cewa gaggawa. Tsarin asali na buƙatar kaurin koniya ya kai maikron 400, don kada hasken ya illata shimfiɗar da ke cikin bayan koniyar. Akwai dabarun da ake bi ga wadda ta gaza haka, amma gwargwadon sirancewa gwargwadon ƙuncin zaɓi. Kowane wata shida da aka yi ana tara kuɗin tafiya, koniyar ɗan shekara 19 na iya rasa abin da ba zai dawo ba. Kuma idon hagu, wanda hankalin kowa ya bar shi saboda "shi da sauƙi", shi ne ya fi cancantar a kare, domin shi ne har yanzu yake da ganin da za a adana. Ana yin wannan aiki a cikin Najeriya, kuma bai kai zobe tsada ba. Likitan da ya ɗauki hoton zai iya gaya muku inda ya fi kusa.

In an yanke cewa ido na buƙatar duka biyun, wanne za a fara? Likitoci da yawa sun fi son a sa zobe tukuna sannan a ƙarfafa, ko a yi su a zama ɗaya, saboda koniya mai laushi ta fi bin zobe, in ta miƙe sai a daskarar da ita a sabuwar siffar. Hujja ce mai ƙarfi. Amma tana aiki ne in za a yi su kusa da kusa. In zoben sai baɗi, a ƙarfafa yanzu. Ana iya sa zobe a koniyar da aka riga aka ƙarfafa.

Kafin a kai ga zobe akwai matakin da ake yawan tsallakewa: kwantak lens mai tauri. Wannan ba irin mai laushin da 'yan mata ke sawa don canja launin ido ba ne. Ƙaramin madubi ne mai riƙe siffarsa, hawaye na cike tsakaninsa da koniya, sai haske ya tarar da sumul ɗin fuska maimakon tudu da gangare. Akwai babba da ke zaune a kan farin ido ya tsallake koniyar gaba ɗaya, wanda ya fi daɗin sawa kuma ƙura ba ta cika shiga ƙarƙashinsa ba. In ana maganar kaifin gani zalla, wannan lens ɗin ya fi zobe a yawancin idanu, kuma ba a yanka komai ba. Matsalarsa a wurinmu sananniya ce: ƙurar hunturu, ƙarancin masu iya auna shi, ruwan wanke shi da sai an yi oda, da ɗakin kwanan ɗalibai inda tsabtar hannu ke da wuya. Ga mai ƙaiƙayin ido kuma sai an fara kwantar da ƙaiƙayin. Duk da haka, a ƙa'ida, zobe na wanda aka gwada wa lens ya kasa jurewa ne. Wasiƙarki ba ta nuna an gwada ba.

Wanda zobe ya dace da shi, da abin da kan iya biyo baya

Ana son tsakiyar koniya ta kasance garau, ba hakiya. Zobe ba ya share tabo. In hakiya ta zauna a kan hanyar gani, ko an baje tsinin hasken ba zai wuce ba. Ana son kauri isasshe a inda zoben zai bi, yawanci maikron 400 zuwa 450. Cutar ta kasance matsakaiciya: in tsinin ya yi nisa ƙwarai, ya doshi dayofta 60 ko ya wuce, amfanin kan yi ƙaranci, matsala kuma ta ƙaru. Sannan ido ya kasance a kwance, ba ja, ba ƙaiƙayi, mai shi kuma ya daina murza.

Wannan na ƙarshen ba ƙa'idar takarda ba ce. Babbar matsalar zoben roba ita ce ya motsa daga mazauninsa, ko naman da ke samansa ya sirance har bakinsa ya ɓullo waje, kuma murza ido na kan gaba wajen jawo hakan. In ya ɓullo sai an cire, domin ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Shigar ƙwayoyin cuta cikin hanyar zoben ba ta da yawa, amma in ta faru tana iya barin hakiyar da ta fi cutar farko muni. Wasu na ganin da'irar haske a kewayen fitila da dare, musamman matasa masu buɗaɗɗen tsakiyar ido, wato abin da yaronki ke kuka da shi na iya raguwa, yana kuma iya canja kama kawai. Wani lokaci jijiyoyin jini na kutsowa wajen kafar da aka shiga. Fararen ɗigo-ɗigo da kan taru a gefen zoben kuwa yawanci ba sa cutarwa. Kyawun aikin dai shi ne ana iya cire zoben ko a musanya shi, koniya ta koma kusa da yadda take, kuma bai hana a yi dashen koniya nan gaba ba.

Saboda matsalar ɓullowar ne Dakta Soosan Jacob ta birnin Cennai a Indiya ta fito da wata hanya, aka wallafa ta a 2018: maimakon roba, sai a yanko siririn yanki daga koniyar da aka bayar gudummawa a zura shi a matsayin zobe. Ana rubuta shi CAIRS. Da yake nama ne cikin nama, ba ya cin abin da ke samansa yadda roba ke yi, ana kuma iya sa shi a koniyar da ta fi siranta. Yana yaɗuwa, amma bai kai na roba daɗewa a hannun likitoci ba, kuma sai inda ake da ma'ajiyar koniya. Ya kamata ku tambaya a kansa in kaurin idon dama ya yi ƙasa.

Dashen koniya shi ne matakin ƙarshe, ga mai hakiya a tsakiya ko wanda komai ya gaza. Masu keratokonus na cikin waɗanda dashe ya fi yi wa kyau, amma zaren ɗinki na zama a ido shekara ko fiye, ga bibiya ta tsawon rai, ga ƙarancin koniyar dasawa a ƙasarmu. Abu ɗaya kuma da za ku guje wa ko a kyauta: aikin leza na raba mutum da gilashi, wanda ake kira LASIK. Yana rage kaurin koniya ne, ga mai keratokonus kuwa ƙarin rauni ne a kan rauni.

Maganar tafiya

Masar na da ƙwararrun likitocin koniya, kuma suna ganin wannan cuta da yawa, don haka ba laifi ba ne a je can. Damuwata ita ce bayan an dawo. Mu da ke karɓar marasa lafiya bayan sun yi aiki a Masar ko Indiya, abin da ya fi wahalar da mu shi ne mutum ya zo da jan ido, a hannunsa ba komai sai rasit. Ba mu san wane samfuri aka sa ba, nawa ne kaurinsa, a wane zurfi, ba kuma hoton kafin aiki da za mu gwada da na yanzu. In kun tafi, kada ku baro asibitin sai da rahoton aiki mai ɗauke da waɗannan bayanai, da kwafin taswirar ido ta kafin aiki da ta bayansa, kuma tun kafin ku tashi ku san wane likita ne a gida zai ci gaba da duba shi. A tsara zaman da zai ba da damar dubawar washegari da ta mako guda. A kuma kauce wa dawowa da sabon aiki cikin tsakiyar hunturu in da hali. In babu, tabarau mai rufe gefe ya zama dole, musamman a kan babur. A makon farko ba a son ruwa ya shiga idon, sai ya yi alwala da lura.

Ni ban ga idon yaron ba, ban ga taswirarsa ba, don haka ba zan ce zobe ya dace da idon dama ko bai dace ba. Likitan Alƙahira ma takarda ya gani, kuma takarda ba ta nuna hakiya ko halin da fatar ido ke ciki. Mai yiwuwa in ya ga yaron ya canja shawara, mai yiwuwa kuma da ma yana nufin haɗawa da CXL saƙon ne ya gajarce a hanya. Ku sa ɗan'uwan naku ya tambaye shi kai tsaye. Ku kuma koma wurin wanda ya ɗauki hoton ku nemi lambobi biyu na kowane ido: mafi sirantar wuri a koniyar, da mafi tsananin tsini. Ku tambaye shi ko akwai hakiya a tsakiya, da kuma iya layin da yaron ke gani in an ɗora masa lens mai tauri na gwaji. Amsoshin nan huɗu ne za su nuna ko ana buƙatar tafiyar ma.

Abin da za a fara yau ba ya buƙatar fili. Ya daina murza ido kwata-kwata, kuma faɗa ba zai sa ya daina ba sai an kashe ƙaiƙayin: maganin ɗigawa na borin ido irin su olopatadine bisa umarnin likita, hawayen kwalba da aka ajiye a wuri mai sanyi, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan rufaffen ido duk lokacin da abin ya taso. Ya daina kwanciya da fuska a kife ko hannu a ƙarƙashin ido. A raba shi da ɗigon sitiroyid da ake saye a kemis ba takardar likita. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son sa, amma daɗewa a kansa na kawo hawan jinin ido da yana, na kuma ga matasan da wannan ya yi musu ɓarnar da keratokonus ɗin bai yi ba. Ba tozali, ba ruwan ganye, ba ruwan sukari. In wata rana baƙin idon ya yi fari fat farat ɗaya, da zafi da hawaye, shimfiɗar ciki ce ta tsage ruwa ya shiga koniya. Yakan lafa cikin watanni, amma a kai shi asibiti a ranar.

Sai maganar gadon da na ce zan dawo kanta. 'Yan'uwan mai keratokonus na jini sun fi sauran mutane yiwuwar samun ta, binciken da aka yi a Gabas ta Tsakiya kuma ya nuna ta fi yawa a gidajen da ake auren zumunci. Ƙannensa da suka kai shekara goma, musamman mai ƙaiƙayin ido ko wanda aka fara canja wa gilashi, a kai su a yi musu irin hoton da aka yi masa, ko da suna cewa suna gani lafiya. Gwajin allo kaɗai ba ya kama ta da wuri.